Na'urar baki ta maganin minshari da ɗaukewar numfashi a barci

Na'urar baki ta barci wata 'yar na'ura ce da ake yi da roba mai tauri, wadda mutum yake sawa a bakinsa idan zai kwanta domin ta hana maƙogwaronsa toshewa cikin barci. Likitan haƙori ne yake auna bakin mai ita, a haɗa ta daidai da jerin haƙoransa. Ana amfani da ita wajen maganin minshari da kuma cutar ɗaukewar numfashi a barci, wato yanayin da numfashin mutum yake tsayawa yana dawowa sau da yawa a dare ɗaya ba tare da ya sani ba. Mafi yawan irin waɗannan na'urori suna aiki ne ta hanyar turo muƙamuƙin ƙasa gaba da 'yan milimitoci, sai harshe ya biyo shi, hanyar iska ta buɗe.

Na'urar ba ta buƙatar wutar lantarki ko batir, kuma tana shiga aljihu. Wannan ya sa ta dace da wuraren da wuta ba ta tsayawa, kamar yankunan karkara na arewacin Najeriya. Sai dai ba kowa take yi wa aiki ba, kuma tana iya kashe ƙarar minshari alhali numfashi yana ci gaba da ɗaukewa. Saboda haka ne likitoci suke sharɗanta a yi gwajin barci kafin a fara amfani da ita, a kuma sake yin sa bayan an daidaita ta.

## Minshari da ɗaukewar numfashi

Idan mutum ya yi barci, tsokokin da suke riƙe da harshe da hanɗa da bangon maƙogwaro sukan saki. Hanɗa ita ce sashe mai laushi na can bayan saman baki, inda beli yake rataye. Idan hanyar ta ƙuntata, iskar da ake shaƙa takan riƙa kaɗa waɗannan sassa, ƙarar da take fitowa ita ce minshari. Minshari shi kaɗai, ba tare da tsayawar numfashi ba, ya fi damun abokin kwana fiye da mai yin sa.

Idan kuwa hanyar ta rufe gaba ɗaya, ko ta kusa rufewa, har tsawon daƙiƙa 10 ko fiye, to an shiga batun ɗaukewar numfashi. Iskar oksijin da ke cikin jini takan ragu, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokaci kaɗan, ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, sannan ya koma barci. Da safe ba ya tuna komai. Abin da yake ji kawai shi ne gajiya, ciwon kai, bushewar baki da gyangyaɗi da rana. Sau da yawa matar aure ko miji ko wanda suke kwana ɗaki ɗaya ne yake fara lura da cewa minsharin yana yankewa, a yi tsit, sannan ya dawo da ƙarfi.

Ana auna tsananin cutar da ma'aunin da ake kira AHI, wato adadin lokutan da numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai a cikin kowace awa ta barci:

- ƙasa da 5: babu cutar;
- daga 5 zuwa 14: mai sauƙi;
- daga 15 zuwa 29: matsakaiciya;
- 30 ko fiye: mai tsanani.

Abubuwan da suke ƙara haɗarin kamuwa sun haɗa da ƙiba, kaurin wuya, yawan shekaru, ƙaramin muƙamuƙi ko haɓar da ta koma baya, babban harshe, toshewar hanci, shan taba, shan giya da magungunan sa barci. Maza sun fi mata kamuwa, amma tazarar tana raguwa bayan mace ta daina al'ada. Cutar tana da alaƙa da hawan jini, musamman wanda ba ya jin magani, da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga. Direban da yake da ita kuma ba a yi masa magani ba, haɗarin ya yi hatsari a hanya ya kai ninki biyu ko fiye na sauran direbobi.

Wani ƙiyasi da aka wallafa a shekarar 2019 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 a duniya suna da cutar, kuma miliyan 425 daga cikinsu tasu matsakaiciya ce ko mai tsanani. Ƙiyasin ya sa Najeriya cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita.

Akwai wani nau'i dabam na ɗaukewar numfashi wanda ba toshewar maƙogwaro ce take kawo shi ba, ƙwaƙwalwa ce take jinkirin ba da umarnin yin numfashi. Ana ganin sa ga masu raunin zuciya da masu shan wasu magungunan kashe zafi masu ƙarfi. Na'urar baki ba ta maganin wannan nau'in.

## Tarihi

Tunanin cewa matsayin muƙamuƙi yana shafar numfashi ya girmi sanin cutar kanta. A shekarar 1902 wani likitan baki ɗan Faransa mai suna Pierre Robin ya ƙirƙiro wata na'ura mai gini ɗaya da take turo muƙamuƙin ƙasa gaba, ya yi amfani da ita ga yara masu ƙaramin muƙamuƙi waɗanda harshensu yake faɗawa baya. A 1909 Emil Herbst na Jamus ya gabatar da tasa na'urar mai sanduna a gefe biyu domin gyaran jerin haƙora, wadda daga baya aka mayar da tsarinta wajen maganin barci.

Sai a 1965 ne masu bincike a Faransa da Jamus suka nuna da na'urorin awo cewa numfashin wasu masu ƙiba da yawan gyangyaɗi yana tsayawa a cikin barci. A shekarun 1970 Christian Guilleminault da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford a Amurka suka fayyace cutar, suka ba ta sunan da aka san ta da shi a yau. A lokacin, babban magani ga mai tsananin cutar shi ne a huda maƙogwaro ta wuya a sa bututu.

A 1981 Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostireliya ya wallafa sakamakon na'urar CPAP, wadda take hura iska ta hanci domin ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Ita ce ta zama magani na farko a duniya. Shekara ɗaya bayan haka, a 1982, Rosalind Cartwright da Charles Samelson na Cikago suka wallafa bincike a kan wata na'urar baki mai riƙe harshe. A 1984 likitoci a Jamus suka ba da rahoton na'ura mai turo muƙamuƙi ga manya masu cutar. A 1991 likitocin haƙori a Amurka suka kafa ƙungiya ta musamman a kan wannan fanni, kuma a 1995 ƙungiyar likitocin barci ta ƙasar ta fitar da ƙa'idojin farko na amfani da na'urorin baki. An sabunta ƙa'idojin a 2006 da 2015.

## Yadda take aiki

Babbar tsokar harshe tana maƙale ne a cikin ƙashin haɓa. Idan aka jawo muƙamuƙin ƙasa gaba, gindin harshe yakan matso daga bangon maƙogwaro. Haka kuma naman da ya haɗa muƙamuƙi da hanɗa da gefen maƙogwaro yakan miƙe ya yi tauri, ya daina saurin lotsawa. Hotunan da aka ɗauka na cikin maƙogwaro sun nuna cewa faɗin da ake samu ya fi yawa a bayan hanɗa, kuma yawanci ta gefe da gefe hanyar take buɗewa. Na'urar tana kuma rage wangalewar baki cikin barci, wadda ita ma take mayar da harshe baya.

Amfaninta yana tsayawa ne a daren da aka sa ta. Ba ta warkar da cutar. Duk daren da aka kwana babu ita, minshari da ɗaukewar numfashi sukan dawo.

## Ire-irenta

Mai turo muƙamuƙi. Ita ce aka fi amfani da ita. Tana da faranti biyu, ɗaya yana hawa haƙoran sama, ɗaya na ƙasa. A wasu, farantan a manne suke wuri ɗaya, ba a iya sauya nisan turawa. A wasu kuma an haɗa su da ɗan kusa mai murɗawa, ko sanduna, ko maɗaurai na roba, ta yadda likita zai iya ƙara nisan kaɗan-kaɗan. Ƙa'idojin 2015 sun fifita wadda aka auna wa mutum kuma ake iya daidaitawa.

Mai riƙe harshe. Wannan kamar 'yar jaka ce ta roba mai laushi da take zama a gaban leɓɓa. Ana zura kan harshe a ciki, ta tsotse shi ta riƙe. Ba ta dogara da haƙora ba, don haka tana da amfani ga wanda haƙoransa suka zube ko mai haƙoran roba. Mutane da yawa ba sa jure ta saboda ciwon harshe da dalalar miyau.

Ta kanti. Ana sayar da wasu a shagunan magani da intanet, waɗanda ake tsomawa a ruwan zafi su yi laushi, mutum ya cije su su ɗauki siffar haƙoransa. Sun fi araha nesa ba kusa ba, amma wani bincike da aka yi a Beljiyam aka wallafa a 2008 ya nuna cewa ba su kai wadda aka auna ba wajen rage ɗaukewar numfashi, kuma sukan faɗo daga baki cikin dare.

## Wanda ta dace da shi

Likitoci suna ba da na'urar ga manya masu minshari kawai, da masu cutar mai sauƙi ko matsakaiciya, da kuma masu tsananin cutar waɗanda suka kasa jure CPAP ko suka ƙi ta. An lura tana fi yin aiki ga wanda ba shi da ƙiba sosai, ga mata, ga masu ƙarancin shekaru, da wanda cutarsa take tsananta idan ya kwanta rigingine.

Kafin a haɗa ta, likitan haƙori yakan duba abubuwa uku. Na farko yawan haƙora: ana son a sami kamar 8 zuwa 10 masu ƙwari a kowane muƙamuƙi, domin su ne za su ɗauki nauyin turawar dare bayan dare. Na biyu lafiyar dasashi: haƙoran da suke girgiɗi saboda ciwon dasashi na iya ƙara lalacewa. Na uku gaɓar muƙamuƙi da take gaban kunne: mai ciwo a wurin, ko wanda ba ya iya turo muƙamuƙinsa gaba kamar milimita 5, ba a cika ba shi ita ba.

Ba a sa wa yara irin ta manya, domin ƙashin fuskarsu yana kan girma. Minsharin yara ya fi zuwa ne daga kumburin tonsil da naman bayan hanci, kuma likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne yake duba shi. Yara masu ciwon sikila sun fi sauran yara fama da wannan matsala.

## Yadda ake haɗa ta

Mataki na farko shi ne tabbatar da cutar. Likita yakan fara da tambayoyi. Akwai ma'aunin Epworth da Murray Johns ya tsara a Ostireliya a 1991, mai tambayoyi 8 a kan yadda gyangyaɗi yake kama mutum a zaune, ko a mota, ko bayan cin abincin rana. Akwai kuma STOP-BANG da aka fitar a Kanada a 2008, wanda yake duba minshari, gajiya, tsayawar numfashi da wani ya gani, hawan jini, ƙiba, shekaru sama da 50, wuyan da kaurinsa ya haura santimita 40, da kasancewa namiji. Tambayoyin suna nuna wanda ake zargi ne kawai. Tabbaci sai da gwajin barci, ko dai a kwana a asibiti da wayoyin awo a jiki, ko a tafi gida da ƙaramar na'ura mai auna numfashi da oksijin.

Daga nan likitan haƙori zai ɗauki siffar haƙoran sama da na ƙasa, da ƙullun awo ko da kyamarar kwamfuta, ya kuma auna iyakar nisan da mutum yake iya turo muƙamuƙinsa. Masu fasahar haɗa haƙora su ne suke ƙera na'urar a ɗakin aikinsu. Yawanci ana farawa da rabi zuwa kashi 70 cikin 100 na iyakar nisan, sannan a riƙa ƙarawa da rabin milimita ko milimita ɗaya cikin makonni, har minshari ya lafa, gyangyaɗi ya ragu, ko gaɓar muƙamuƙi ta nuna ta kai iyaka.

Mataki na ƙarshe shi ne sake gwajin barci da na'urar a baki. Shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma tsallake shi yana da haɗari. Minshari yana daga cikin alamun da suke fara ɓacewa, sai iyali su ɗauka an warke, alhali oksijin yana ci gaba da faɗuwa cikin dare, hawan jini kuma yana nan.

## Kwatanci da CPAP

Wajen rage ma'aunin AHI, CPAP ta fi ƙarfi. Idan aka sa ta daidai, takan kawar da kusan dukkan tsayawar numfashi. Na'urar baki kuwa sakamakonta ya rabu kusan gida uku: kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu amfani da ita cutar takan lafa gaba ɗaya, kashi ɗaya ta ragu da rabi ko fiye, kashi ɗaya kuma ba sa samun sauƙin kirki.

Amma ƙarfin magani bai wadatar ba idan ba a amfani da shi. Mutane da yawa suna cire abin rufe hancin CPAP da tsakar dare, ko su ajiye na'urar gaba ɗaya. A wani gwaji da aka yi a Sidni aka wallafa a 2013, mutum 126 masu cutar matsakaiciya ko mai tsanani aka tsara su gwada kowace na'ura na wata ɗaya. CPAP ta sauko da AHI zuwa kimanin 4.5, na'urar baki zuwa kimanin 11. Sai dai mutanen sun ce suna sa ta baki kamar awa 6.5 a dare, CPAP kuma kamar awa 5.2. A ƙarshe sakamakon biyun ya zo kusan ɗaya wajen gyangyaɗi, gwajin tuƙi da hawan jini.

Sauran hanyoyin magani sun haɗa da rage ƙiba, kwanciya a gefe, barin giya da taba, da tiyata. Wani bincike na shekarar 2000 a Amurka ya gano cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana tafiya da raguwar AHI da kimanin kashi 26 cikin 100.

## Illoli da kulawa

A makonnin farko akan sami yawan miyau ko bushewar baki, tsamin haƙora, da ciwon gaɓar muƙamuƙi. Da safe mutum yakan ji haƙoransa ba sa haɗuwa kamar yadda ya saba, amma hakan yakan wuce bayan ɗan lokaci, kuma ana ba wasu ɗan abin cizawa na safe domin muƙamuƙi ya koma mazauninsa.

Illar da take daɗewa ita ce gocewar haƙora. Haƙoran gaba na sama sukan karkata baya kaɗan, na ƙasa su karkato gaba. Wani bincike a Kanada da ya bi masu amfani da ita sama da shekara 10 ya sami sauyin kimanin milimita 2 a yadda haƙoran gaba suke hawa juna. Sauyin yana tafiya a hankali, mai shi ba ya cika lura, don haka ake son ganin likitan haƙori bayan wata 6 a shekarar farko, sannan sau ɗaya a shekara.

Ana goge baki da buroshi ko asuwaki kafin a sa ta. Da safe a wanke ta da ruwan sanyi da buroshi mai laushi, a bar ta ta bushe a cikin akwatinta. Ruwan zafi da zafin rana suna lanƙwasa ta. Idan aka cire haƙori, ko aka yi ciko babba, ko nauyin jiki ya ƙaru sosai, sai an koma an sake duba ta.

## A arewacin Najeriya

A ƙasar Hausa an fi ɗaukar minshari a matsayin alamar gajiya ko nauyin barci, ko abin tsokana tsakanin abokan wasa, ba ciwon da ake zuwa asibiti dominsa ba. Masu cutar sukan isa wurin likita ne ta wata ƙofa, kamar hawan jini ko ciwon kai ko kasala. Wuraren gwajin barci kaɗan ne a Najeriya, kuma suna manyan birane.

Ƙaramar hukumar Rimin Gado a Jihar Kano misali ce ta yadda lamarin yake ga mutanen karkara. Tana yamma da birnin Kano da kimanin kilomita 20, faɗinta murabba'in kilomita 225, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 104,790, mafi yawansu manoma. CPAP tana buƙatar wuta daga kwanciya har asuba, kowane dare, ga sauya bututu da matatar iska lokaci-lokaci, abin da ƙurar hunturu take ƙara wa wahala. A gidan da wuta ba ta kwana, sai an haɗa da sola ko batir, kuɗin ya ƙaru. Na'urar baki ba ta da wannan matsala, kuma direban babbar mota ko ɗan kasuwa mai yawan tafiya yana iya ɗaukar ta duk inda ya je.

Cikas ɗinta yana wani wuri ne. Tana buƙatar likitan da zai tabbatar da cutar, likitan haƙori da zai auna, da mai fasahar da zai ƙera, sannan a yi ta komawa ana daidaitawa. Irin waɗannan ƙwararru sun taru ne a manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, wanda yake da sashen haƙori da na kunne da hanci da maƙogwaro, kuma yake horar da ɗaliban likitancin haƙori na Jami'ar Bayero. Akwai kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mutumin Rimin Gado yana da sauƙin kusanci da Kano, amma wanda ya fito daga nesa zai yi tafiya sau da yawa kafin a gama daidaita masa ita. Haka kuma inda aka saba ba a zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya kai ga cirewa, mutum yana iya kai shekarun da cutar ta fi kama mutane ba shi da isassun haƙoran da za su riƙe na'urar.

Akwai kuma al'adar cire beli da wanzamai suke yi, musamman ga jarirai. Cire beli shi kaɗai ba maganin ɗaukewar numfashi ba ne, domin toshewar takan faru ne a bayan hanɗa da gindin harshe da gefen maƙogwaro. Likitoci suna gargaɗi a kan wannan al'ada saboda haɗarin zubar jini da kamuwa da cututtuka ta kayan aikin da ba a tsabtace ba.